Kanwa, Zoɓo da Kofi Biyu: Yadda Ake Koya wa Yara Kimiyya a Madafi

Duk macen da ta saba haɗa zoɓo ta san idan tsami ya yi masa yawa, 'yar kanwa ake jefawa. Ta kuma san abin da zai biyo baya: kumfa ta taso, jan ya yi duhu, tsamin ya kwanta. Wannan abin da take yi a tsaye cikin minti guda, shi ne darasin da ɗalibin ƙaramar sakandare zai kwashe mako yana haddacewa daga allo, sau da yawa a makarantar da ba ta da ɗakin gwaji. Yana damuna ƙwarai yadda yaro zai iya rera ma'anar asid kamar karatun safe, amma bai san asid ne ya sha ɗazu a kunun tsamiya ba. Gani ya kori ji, kuma abin da za a nuna wa yaron yana nan a madafin gidansu.

Sai dai girki da gwaji ba ɗaya ba ne. Abin da ya raba su ƙarami ne, amma idan babu shi wasa kawai aka yi. Kafin a taɓa komai, a tambayi yaro: "Me kake jin zai faru?" Ya faɗa, ya rubuta a tsohon littafinsa, ko ya zana in bai iya rubutu ba. Sannan kullum a yi aiki da kofi biyu aƙalla, ɗaya a bar shi yadda yake, ɗaya a sauya masa abu guda tak. Idan aka ƙara sukari kuma aka ƙara zafi a lokaci guda, ba mai iya cewa wanne ne ya yi aikin. Abu mafi wuya ga babba shi ne riƙe baki. Yaro zai yi hasashen da ba daidai ba, uwa ta ji kamar ta gyara masa. A bar kofin ya gyara masa.

Kafin a fara, a ja layi. Wuta, tafasasshen ruwa, mai mai zafi da wuƙa na babba ne. A wanke hannu da sabulu. Ba duk kofin gwaji ake sha ba, kuma yaro ba ya kai komai baki sai an ce ya kai. Sodar haɗa sabulu, wadda mata da yawa ke ajiyewa a gida don sana'a, ba ta da wuri a nan ko kaɗan: tana ƙona baki da maƙogwaro, kuma narkakkiyarta a gora ba ta da bambanci da ruwa a idon yaro. A kulle ta nesa.

Zoɓo mai sauya launi

Da wannan ya kamata a fara, don sakamakonsa nan take ne. A jiƙa cikin tafin hannu ɗaya na busasshen zoɓo a kofi biyu na ruwan zafi, a bar shi kamar minti 15, a tace. A ajiye mafi yawansa gefe, na sha ne. Wanda za a yi gwaji da shi sai an sirka shi sosai, cokali biyu a rabin kofin ruwa, har haske ya riƙa ratsa shi. Nan mutane da yawa ke kuskure: idan zoɓon ya yi kauri, duk sauyin launin ɓacewa yake cikin duhu. Ba dole sai da kofin gilashi ba, gindin gorar ruwa da aka yanke ya wadatar, a jera su a kan farar takarda ko farin faranti.

Kofi na farko ba a taɓa shi. A na biyu a matsa lemon tsami, a na uku a zuba ruwan tsamiya, a na huɗu jiƙaƙƙen ruwan kanwa, a na biyar ruwan toka da aka tace. Lemo da tsamiya za su ƙara wa jan haske, amma kaɗan, domin shi kansa zoɓon mai tsami ne. Kanwa ce mai abin kallo. A bar yaro ya riƙa ɗiga ta da cokali, ɗigo bayan ɗigo, yana juyawa. Jan zai koma shunayya, ya yi duhu, ya gangara zuwa shuɗi-shuɗi, daga ƙarshe ya zama kore mai duhu. Toka ma hanyar za ta bi. Yanzu sai tambayar da ta fi kowace: "Za a iya dawo da jan?" Yawancin yara cewa suke a'a, zoɓon ya lalace. A ba shi rabin lemon tsami ya matsa a kofin kanwar. Zai yi kumfa, jan ya dawo.

Bayan ya gani, sai bayani. A cikin zoɓo akwai wani sinadarin launi, antosayanin, wanda ƙirarsa ke sauyawa gwargwadon abin da ya tarar a ruwa. Idan ya tarar da dangin tsami, wato asid, ja yake yi. Idan ya tarar da kishiyoyinsu, dangin kanwa da toka, sai ya juya. Kumfar kuwa iskar kabon dayoksaid ce, irin wadda ke fita idan aka buɗe lemon kwalba, kuma tana fitowa ne idan asid ya haɗu da sinadarin kabonet da ya cika kanwa. Yaron da ya kai shekara goma za a iya gaya masa akwai ma'aunin da ake kira pH, wanda wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sørensen, ya fito da shi a 1909: tsantsar ruwa na kan 7, lemon tsami wajen 2, ruwan kanwa 10 ko sama da haka. Tun kafin wannan ma'auni, Robert Boyle a Ingila ya wallafa a 1664 yadda yake gane asid da ruwan wani fure mai launin shunayya. Abin da yaron ya yi da zoɓo ke nan, babu ragi.

Daga nan kofin zoɓo ya zama kayan aikinsa. Ya gwada ruwan rijiya, ruwan gasara, ruwan kumfar sabulu, ya jera su daga mafi ja zuwa mafi kore. A tsoma farar takarda a zoɓo mai kauri, a shanya ta, ya rubuta sunansa a kai da tsinke da ruwan kanwa. Garin gangamau ma yana amsawa, amma shi daga rawaya yake komawa ja idan ya ji kanwa. Haɗin kanwa da karan dafi ne ke ba wake da shinkafar zangunan Gana jan launin da aka san ta da shi. In ya tambayi inda kanwa ke fitowa, a gaya masa daga busassun tafkuna ake haƙo ta, a yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga, kuma fatake sun daɗe suna safararta. Kofunan kanwa, toka da sabulu zubarwa ake yi. Zoɓon da aka ajiye gefe shi za a sa wa sukari da citta a sha.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Kindirmo yana koyar da haƙuri, don sai an kwana. A dama madarar gari da ɗan kauri fiye da ta shayi, a tafasa. In madarar shanu ce ɗanya, tafasawar ta zama dole, saboda ana iya ɗaukar tarin fuka da wasu cututtuka ta ɗanyar madara. A raba ta ƙananan kwanuka huɗu masu murfi. Na farko, a zuba masa cokali ɗaya na kindirmon jiya tun madarar na tururi. Sauran ukun a jira su huce har wankakken yatsa ya iya zama a ciki a ƙirga goma, wato tsakanin digiri 40 zuwa 45. Na biyu a sa masa cokalin kindirmo, a naɗe da zane a ajiye wuri mai ɗumi. Na uku a naɗe shi haka nan ba a sa masa komai ba. Na huɗu a sa masa kindirmon, amma a saka shi a firij ko cikin kula da ƙanƙara. Yaro ya rubuta wanda yake jin zai kama.

Da safe na biyu ne zai kama sosai, ya yi kauri da tsami mai daɗi. A cikin cokalin nan akwai ƙananan halittu masu rai, bakteriya, da ke cin sukarin da ke cikin madara suna mayar da shi asid. Madara tana farawa ne daga wajen 6.7 a ma'aunin tsami, idan ta sauka kusa da 4.6 sai furotin ɗinta ya dunƙule. A kwanon farko zafi ya kashe ma'aikatan, a na huɗu sanyi ya sa su barci, a na uku ba a kai su ba. Louis Pasteur na Faransa ne ya nuna a 1857 cewa masu rai ne ke tsamar da madara, amma matan Fulani sun daɗe da sanin cewa ba a rasa ɗan ragowar jiya a ƙwarya. Kwano na farko da na uku ba a shan su, domin madarar da ta kwana a ɗumi ba tare da tsami ya kare ta ba, ba a san abin da ya tsiro a cikinta ba. In gwajin ya ƙi gaba ɗaya, a fara zargin irin: wasu yogot na kanti an dafa su bayan haɗawa, babu mai rai a ciki. Kindirmon mai nono ya fi tabbas. A lokacin hunturu kuma yakan ɗauki lokaci fiye da na bazara, wannan ma abin rubutawa ne.

Wanda ba ya son jira, ya matsa lemon tsami a madara mai zafi, nan take za ta tsinke ta rabu da ruwanta. Aikin da mai awara ke yi ke nan idan ta zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya. In akwai mai awara a unguwa, a roƙe ta yaran su tsaya su ga lokacin da take zubawa.

Yis ya fi kindirmo sauri, kuma yana da balan-balan. Gorar roba uku, kowace da ƙaramin cokali biyu na yis. Ta farko ruwan ɗumi da cokalin sukari, ta biyu ruwan ɗumi babu sukari, ta uku sukari da ruwan da ya tafasa. A ɗaura balan-balan a bakin kowace. Cikin rabin sa'a ta farko za ta miƙe tsaye, ta biyu da ƙyar ta motsa, ta uku ko gezau, domin yis ba ya rayuwa idan zafi ya kai wajen digiri 60. Iskar da ta hura balan-balan ita ce dai wadda ta fito daga kanwa da lemo. Ruwan gorar ba na sha ba ne, amma sai a kwaɓa fanke, yaro ya sa alama a jikin roba daidai inda ƙullun ya tsaya, ya dawo bayan sa'a guda. Idan an soya, ya tsaga ɗaya ya ga ramukan da iskar ta bari.

Abin da koko ke koyarwa

A ganina babu abin da ya kai gasara arzikin darasi, kuma kusan kowane gida na da ita. A dama cokali biyu a ruwan sanyi a kofi, a ajiye. Bayan ɗan lokaci za ta kwanta a ƙasa, ruwa ya hau sama: ba ta narke ba, yawo kawai ta yi. A gefe a narkar da sukari a wani kofin, yaro ya jira ya ga ko shi ma zai kwanta. Sannan babba ya sheƙa tafasasshen ruwa a kan damammiyar gasara, ta yi kauri a gaban idonsa. Ƙwayoyin sitaci ba sa shan ruwa sai zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 75, a nan suke kumbura su cika wuri. Shi ya sa idan ruwa bai tafasa da kyau ba, ko gasarar ta sha ruwan sanyi da yawa, koko ke ƙin kamawa. A yi ɗaya da ruwa mai ɗumi da gangan, a kwatanta.

Sai wanda yara ke so saboda ƙyamarsa. A zuba koko mai kauri a kofi biyu, a bari ya huce zuwa ɗumi. Yaro ya tofa yawunsa a ɗaya ya juya, ɗayan a sa masa ruwa daidai yawan yawun a juya. Bayan minti goma zuwa sha biyar, a karkata kofunan. Mai yawun ya tsinke ya zama tsararo, ɗayan na nan da kaurinsa. A cikin yawu akwai sinadarin amilas da ke yanka sitaci ya mayar da shi sukari, wato narkewar abinci tun daga baki take farawa. Iyaye mata da ke hana a mayar da cokalin da aka lasa cikin kunun jariri sun san sakamakon tun tuni. Irin wannan sinadari yana cikin ɗanyen dankalin Hausa da hatsin da ya tsira, kuma shi ne dalilin da ya sa masu kunun zaƙi ke zuba su: kunun ya saki, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Yaro ya tauna lomar burodi ko tuwo gaya ya daɗe bai haɗiye ba, zai ji ɗan zaƙi na fitowa.

In akwai sitacin masara ko na rogo, a kwaɓa kashi biyu da kashi ɗaya na ruwa a faranti mai zurfi. A doke shi da sauri, ya yi tauri. A tsoma yatsa a hankali, ya nutse. Ƙananan yara za su iya yini a kansa. Wannan na taɓawa ne, ba na ci ba.

Gugguru lissafi ne. A ƙirga ƙwaya ashirin-ashirin na masarar gugguru kashi uku: ɗaya yadda take, ɗaya babba ya fasa wa kowace ƙwaya baya kaɗan, ɗaya a shanya a rana kwana uku ko huɗu. Babba ya soya kowane kashi daban a rufaffiyar tukunya, yaro ya ƙirga waɗanda suka fashe da kyau. A cikin kowace ƙwaya akwai ɗan ruwa, kusan kashi 14 cikin 100, kuma bayanta ba ya barin tururi ya fita sai zafi ya kai wajen digiri 180 ya fasa shi. Wadda aka huda tururinta ya sulale, wadda ta bushe nata ya ragu. Ƙosai ma haka: a raba ƙullun biyu, a buga rabi sosai, a bar rabi, a ɗiga kowanne a kofin ruwa. Wanda ya sha bugu zai taso saboda iskar da ta shige shi, kuma shi ne zai fi laushi a baki.

Ina roƙon iyaye kada su mayar da wannan aikin na 'yan mata kaɗai. Yaro namiji da aka kora daga madafi an hana shi ganin waɗannan abubuwa, 'yar da ke girki kullum ba a taɓa tambayar ta dalili ba ita ma an tauye ta. A haɗa su, babba ya riƙe littafi, ƙarami ya riƙe cokali. In kaka na gida a sa su tambaye ta: "Kaka, me ya sa kike sa kanwa a wake?" Za ta ce don ya yi saurin nuna, kuma gaskiya ta faɗa. Ga sabon gwaji nan ya samu: tukunya biyu, wake iri ɗaya, wuta iri ɗaya, agogo a hannu, ɗaya da 'yar kanwa daidai ta girki.

Sanyi ba tare da lantarki ba

A zuba rabin kofin zoɓo mai sukari, ko madara mai zaƙi, a farar leda, a fitar da iska, a ƙulle sosai, a ƙara wata ledar a kai. A yi guda biyu. A farfasa ƙanƙara a zuba a robobi biyu masu murfi. A ɗaya a barbaɗa gishiri, kamar kofi ɗaya ga kofi uku na ƙanƙara, ɗayar a bar ta haka. A binne ƙullin leda a kowace, a rufe, a naɗe da tawul, yara su yi ta jijjigawa minti goma zuwa sha biyar. Na cikin gishirin zai daskare, ɗayan sanyi kawai zai yi. Ƙanƙara zalla ba ta wuce digiri sifili idan tana narkewa, amma gishiri na tilasta mata narkewa a ƙasa da haka, haɗin yana iya sauka har kusa da digiri 21 ƙasa da sifili. Saboda haka kada yaro ya riƙe ƙanƙara mai gishiri da hannu tsirara, tana iya yi wa fata lahani. A ɗauraye bayan ledar kafin a buɗe, in ba haka ba gishiri ya ɓata daɗin.

Randa kuwa kowa ya san ruwanta da sanyi, amma yara ƙalilan aka taɓa gaya wa dalili. A cika gora biyu da ruwa ɗaya, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya da busasshe, a rataye su a inuwa inda iska ke kaɗawa. Bayan sa'a guda a sha. Ruwan da ke bushewa daga tsumma yana tafiya da zafin gorar, kamar yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa ke yi, kuma aikin gumi ke nan a jikin mutum. Da wannan ka'ida Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don adana kayan lambu, aikin da ya samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yara za su iya yin tasu da ƙaramar tukunyar ƙasa da babba, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. A sa tumatir uku a ciki, uku irinsu a faranti a gefe, a duba kowace safiya a rubuta wanda ya fara laushi.

Wannan gwaji yana son busasshiyar iska, don haka a fara shi a Maris ko Afrilu. A sake shi a watan Agusta da tukwanen nan da wurin nan, lokacin da iska ta cika da laima kuma ruwa ba ya saurin bushewa, sannan a ba yaro shafukan biyu ya faɗi dalilin bambancin da kansa.